Laburarena ya zama sito, malamai ba sa leƙowa: in kashe adashena in tafi taron ƙasa?

Assalamu alaikum, Hajiya. Ni ce mai kula da laburare a wata makarantar kwana ta 'yan mata a jihar Jigawa. Fannin laburare na karanta a jami'a, kuma shekarata uku ke nan a wannan aiki. Ɗalibanmu sun haura dubu, malamai wajen arba'in, amma wallahi sai a yi mako guda malami ko ɗaya bai taka ɗakin ba, sai in ana neman inda za a zauna a duba takardun jarrabawa, ko inda za a jibge karyayyun kujeru. Wasu ma in yarinya ta yi laifi sai su ce ta tafi laburare ta zauna. A wani taron malamai na miƙe na ce ya kamata a riƙa shirya darasi tare da ni, sai wani malami ya ce, "Malama, ke aikinki kaɗe ƙura, namu koyarwa," aka kwashe da dariya. Tun daga ranar ban sake shiga ɗakin malamai ba. To ga shi taron shekara na ƙungiyarmu ta ƙasa ya gabato, a wata jiha ta kudu za a yi. Shugabar makaranta ta ce babu kuɗi. Wata mai zuwa ni ce da kwasar adashe, kuma ina son in biya wa kaina in je, ko na samo abin da zai sa a san darajar aikina. Maigidana bai hana ni ba, amma na ga ransa bai so, don ina da goyo ɗan wata tara, kuma da kuɗin muka yi niyyar gyara rufin ɗaki kafin damina ta kankama. In tafi ko in haƙura?

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya raya goyon, ya yi masa albarka.

Ba zan kai ki nesa ba kafin in ba ki amsa: bana ki bar adashen nan ya tafi rufin ɗaki. Taro yana nan, duk shekara ake yinsa, kuma ina so ƙwarai ki je shi baɗi. Amma ina so ki je da wani abu a hannunki wanda za ki nuna wa mutane, kuma da kuɗin da ba na rufin ɗakinki ba. Yadda za a kai ga haka shi ne sauran zancena, sai ki yi haƙuri da tsawonsa.

Maganar kaɗe ƙurar nan ta daɗe tana yi mini yawo a rai. Ta yi mini zafi, don ni ma na ɗanɗana irinta. Ranar da aka fara tura ni wata makaranta, mukulli aka miƙo mini da littafin rajista, aka ce abin da ake buƙata a wurina shi ne ƙarshen zango littattafai su cika kamar yadda na same su. Na yi watanni ina gadin littattafai kamar mai gadin rumbu, ina jin haushin duk wanda bai shigo ba. Saboda haka na san inda yake miki ciwo. Abin da malamin nan ya yi rashin kyautawa ne, ba a kunyata abokin aiki a bainar jama'a. Amma ki zo mu duba abin daga inda yake tsaye. Da yawa daga cikin malamanmu sun yi firamare, sun yi sakandare, sun yi kwalejin ilimi, ba su taɓa ganin mai laburare ya tsaya gaban aji ba. Abin da suka sani shi ne ɗaki mai kwaɗo a ƙofa, da wani mai riƙe da mukulli. Sannan mutum yana fama da aji mai yara tamanin ko ɗari, ga manhaja tana korarsa, ga WAEC da NECO suna jiran ɗalibansa, sai ga ƙaramar ma'aikaciya ta miƙe a taro ta ce a riƙa shirya darasi da ita. Kunnensa abu biyu ya jiyo: ƙarin aiki, da kuma cewa bai iya nasa ba. Maganarki gaskiya ce, wurin faɗarta ne bai dace ba. Irin wannan magana a gefe ake yinta, da mutum ɗaya, kuma da kaya a hannu.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ƙauracewa ɗakin malamai. Can ne kasuwarki. Can ake faɗin wane aji ne ya kasa gane darasi, wace malama ce take neman taswira ta rasa, wa za a tura gasar kacici-kacici. Wanda ya yi miki dariya ya manta tun ranar, ke kuma kin bar masa fili. Ki koma ranar Litinin, ki yi sallama, ki gaisa da kowa har da shi, ki zauna ki ci abincinki a can lokacin tara.

Yanzu taron. Ina girmama shi, kuma na amfana da shi. Ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Najeriya, wato NLA, tun 1962 take, ta fito ne daga ƙungiyar Afirka ta Yamma da aka kafa a 1954, bayan wani taron UNESCO da aka yi a Ibadan a 1953. Ke nan sana'ar tamu kanta a wannan ƙasa daga zaman taro ta samo ƙafa. Sai dai ki san irin taron kafin ki zuba masa kuɗin rufi. Babban taro ne da yake haɗa kowa: na jami'o'i, na laburaren jiha, na ma'aikatu, na kotuna, na makarantu. Na manyan makarantu su ne suka fi yawa, kuma da dalili, don ƙarin girmansu yana rataye da gabatar da takardu, kuma suna da hanyar tallafi irin ta TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, wadda ma'aikacin sakandare ba ya cikinta. Don haka za ki ji takardu masu kyau a kan adana bincike a kwamfuta da mujallun intanet, abubuwan da ya kamata ki sani, amma kaɗan ne za su taɓa matsalar ɗakin da aka cika da karyayyun kujeru. Wanda ya fi kusa da ciwonki shi ne taron ƙungiyar laburaren makarantu ta Najeriya, NSLA, wadda aka kafa a 1977, mai tushe a cibiyar Abadina ta Jami'ar Ibadan, mai kula da harkar laburaren makarantu. Cibiyar nan aikin Farfesa Adetoun Ogunsheye ce, mace ta farko da ta zama farfesa a Najeriya, kuma a fanninki ta zama. Ki riƙe wannan a ranki duk ranar da wani ya sake raina sana'ar.

Ko wanne kika je, abin da za ki dawo da shi takardar shaida ce, da jaka, da lambobin waya, da ƙarfin gwiwa. Lambobin wayar nan da hirar da ake yi a bakin zaure lokacin shan shayi su ne ribar gaske, na sha ganin haka. Amma babu ko ɗaya a ciki da zai sa malamin lissafi ya tako ɗakinki. Za ki dawo cike da zumuɗi ki tarar da kujerun nan inda kika bar su, rufin gida yana yoyo, maigida yana shiru. Wannan nake jiye miki. Darajar da kike nema a cikin makarantarki za a ƙera ta, taro kuma ya zo ya ƙara mata ƙyalli.

To ta ina za a fara? Da malami ɗaya. Arba'in ɗin nan ki ajiye su tukuna.

Kafin ki tunkari kowa, ki yi aikin da babu mai iya yi sai ke. Ki je wurin mataimakiyar shugaba mai kula da harkar karatu, ki roƙi kwafin tsarin darussan zango na darasi biyu ko uku, wanda yake nuna abin da za a koyar mako-mako. Ki dawo ki bi kantocinki littafi-littafi da wannan tsari a hannu. Kin san rabon Dewey, tsarin lambobin da ake jera littattafai a kanta da shi: kimiyya a 500, sana'o'i da noma da lafiya a 600, adabi a 800, tarihi da labarin ƙasa a 900. Amma malami ba ruwansa da 500 ko 900, shi mako na huɗu ya sani. Saboda haka ki juya masa kantar zuwa harshensa. Ki rubuta a takarda ɗaya tak: mako na huɗu, zagayawar jini, muna da littafi kaza kwafi shida, shafi kaza zuwa kaza, akwai zanen zuciya mai launi a wancan, mako na shida, zazzaɓin cizon sauro, ga babi a nan, ga hoton rayuwar sauro a can. Inda babu komai ki rubuta babu, wannan ma zai yi amfani nan gaba. Ragowar wannan zangon da muke ciki ya ishe ki wannan aiki, kina zaune, goyonki a kusa.

Sai ki zaɓi mutuminki. Kada ki zaɓi wanda ya fi kowa girma ko wanda ya fi kowa baki. Ki nemi wanda yara suke cewa yana da ƙoƙari, wanda kike gani yana zana abu a allo da hannunsa don ba shi da hoton. Irin wannan ya riga ya san yana da buƙata. 'Yan bautar ƙasa sukan karɓi abu da sauri, ki yi aiki da su, amma shekara ɗaya suke yi su tafi, don haka ginshiƙinki ya zama malamin dindindin. Ki same shi shi kaɗai, ki miƙa masa takardar, ki ce, "Malam, na ga mako mai zuwa za ka shiga zagayawar jini, ga abin da muke da shi, in kana so in kawo maka aji." Kada kalmar haɗin gwiwa ta fito daga bakinki, kada ki ce masa ga yadda ake yi a ƙasashen waje. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki tambaye shi wane wuri ne yaran suka fi faɗuwa a jarrabawa, ki yi shiru ki saurara.

Ranar darasin ki zuba littattafan a kwali, firifet biyu su ɗauka, ki kai har ƙofar aji, ki ƙirga a gabansa, in an tashi ki ƙirga ki dawo da su. Kin rage masa wahala ba ki ƙara masa ba, kuma yara sun taɓa littafin da ya shekara biyar ba a buɗe shi ba. In kika yi haka sau uku, shi da kansa zai fara aiko miki.

Daga nan sai ki roƙi darasi ɗaya a cikin laburaren. In ɗakin ba zai ɗauki ajin duka ba, a raba biyu: rabi suna wurinsa a aji, rabi suna wurinki, mako mai zuwa a juya. Ki lura da abin da ya samu a nan, domin shi ne zai sayar miki da shirin a ɗakin malamai: malamin da ya saba da yara casa'in yau ga shi da arba'in da biyar. Ke kuma abin da za ki koyar naki ne, ba ki shiga gonarsa ba. Yadda ake duba jerin abubuwan ciki a farkon littafi, yadda ake bin fihirisa a ƙarshensa, yadda ake neman kalma a ƙamus ba tare da an buɗe shafi-shafi ba, yadda ake karanta mabuɗin taswira, da babbar cikinsu, yadda yarinya za ta karanta sakin layi, ta rufe littafin, ta rubuta abin da ta gane da kalmominta. Za ki yi mamakin yawan 'yan ajin ƙarshe da ba su taɓa sanin amfanin fihirisa ba. Ba laifinsu ba ne, babu wanda aka ɗora wa koyar da shi, kowane malami yana zaton wani ya koyar. Wannan giɓin shi ne ajinki. Ki sa duk abin da za su nema ya fito daga darasin malamin, shi kuma ya ba da maki a kai a cikin gwajin zango. In babu maki, yara za su ɗauka hutu aka ba su.

Akwai wani aiki da nake so ki gwada da malamar Hausa, don na ga ya yi kyau da idona kuma ba ya cin kuɗi. Kafin a tafi dogon hutu, ku haɗu ku ba 'yan aji ɗaya aikin gida: kowace yarinya ta zauna da kakarta ko wata tsohuwa a unguwa, ta rubuto tatsuniya ɗaya, da karin magana goma, da waƙar daka ko ta reno, ta rubuta garin da ta samo, da ranar. 'Yan makarantar kwana daga ko'ina suke zuwa, wata daga ƙasar Haɗeja, wata daga Gumel, wata daga Kazaure ko Ringim, za ku ga tatsuniya ɗaya ta zo da fuska uku. Malama ta gyara ƙa'idar rubutu ta ba da maki, ke kuma ki tattara, a ɗinke, ki yi masa bango, ki buga masa hatimi, ki ba shi lambar shiga rajista, ki ɗora shi a kanta kamar kowane littafi, da sunayen yaran a ciki. Yarinyar da sunanta yake kan kanta ba sai an kora ta laburare ba, za ta jawo ƙawayenta su zo su gani. Kuma kin koya musu faɗin inda aka samo magana, wanda shi ne tushen duk wani bincike, ba tare da kin kira shi da wani babban suna ba.

Ƙananan matsalolin kuwa, kowacce da maganinta. Masu zuwa duba takardun jarrabawa kada ki kore su, su ne baƙin da Allah ya kawo miki har gida. Ki share musu tebur, ki ajiye littattafan darasinsu a gefen hannunsu, za su buɗe. Kujeru kuma ki rubuta wa mai kula da sito da mataimakiyar shugaba a kwashe, ki sa ranar da aji zai shigo a cikin takardar, don a ga dalili. Horon yara da zaman laburare shi ne wanda ba zan so ki yi shiru a kai ba, domin yana koya wa yarinya cewa ɗakin littafi kurkuku ne. Ki faɗa wa mataimakiyar shugaba cikin ladabi. Kafin a daina, duk wadda aka turo miki kada ki haɗe mata rai, ki tambaye ta irin labarin da take so, ki ba ta littafin Hausa mai daɗi. Sannan ki duba lokutan buɗewarki. In ɗakin yana buɗe ne kawai sa'ad da yara suke aji, a rufe sa'ad da suka fito, to a wurinsu kullum a rufe yake. Na san da goyo ba za ki iya zaman dare ba. Amma yamma biyu a mako, ko safiyar Asabar, tare da firifet huɗu da kika horar da malamin da yake kan duti, zai canja abubuwa da yawa. Ki nemi a rama miki da wata safiyar.

Duk wannan da kike yi, ki rubuta. Littafi ɗaya mai kauri: kwanan wata, aji, sunan darasi, yara nawa, littafi nawa aka ara, me aka nema aka rasa. Ƙarshen kowane wata ki kai wa shugabar makaranta shafi ɗaya, kada ya wuce haka. Shugaba tana da masu zuwa duba makaranta daga ofishin shiyya da ma'aikatar ilimi, tana son abin da za ta nuna musu. Ranar da ta ɗauki takardarki ta nuna wa baƙo, daga ranar laburare ya zama nata, ba naki ke kaɗai ba.

A cikin takardunki kina iya jingina da abin da hukuma ta riga ta amince da shi. Manufar ilimi ta ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta lissafa laburare cikin muhimman hidimomin ilimi, ta kuma ɗora wa masu makarantu samar da shi. Sanarwar IFLA, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar laburare ta duniya, da UNESCO ta 1999 a kan laburaren makaranta ta faɗa ƙarara cewa idan masu laburare da malamai suka yi aiki tare, yara sukan fi ƙwarewa a karatu da warware matsala. Jagorar IFLA ta 2002 ta ba da shawarar aƙalla kashi 60 cikin ɗari na littattafan su zama masu alaƙa da manhaja, wanda kuma zai ba ki hujjar neman a cike wuraren da kika rubuta babu. Akwai binciken da aka yi a jihar Kolorado ta Amurka a 1993 da 2000, wanda ya sami dangantaka tsakanin ƙarfin laburaren makaranta da makin karatun yara. Ki san da shi, amma kada ki dogara da shi a gaban shugabarki, don za ta ce makarantunsu ba irin namu ba ne, kuma tana da gaskiya. Sakamakon aji ɗaya na makarantarta zai fi ratsa ta. Gani ya kori ji.

Watan Oktoba shi ne watan laburaren makarantu na duniya, wanda IASL, ƙungiyar laburaren makarantu ta duniya, take jagoranta. Ya faɗo miki daidai, makonni kaɗan bayan an dawo zangon farko. Ki roƙi minti goma a taron safe. Kada ke ki yi jawabi. Yara su karanta daga littafin da suka haɗa, malamar Hausa ta yi bayani, shugaba ta ƙaddamar. Ki bar yabo ya tafi wurin malamar gaba ɗaya. Sauran malamai suna kallo, kuma za su lissafa abin da ta samu.

To a nan ne maganar taro take dawowa. A watan Nuwamba, ba wata ɗaya kafin tafiya ba, ki rubuta takardar neman zuwa taron baɗi, ki haɗa da rahotanninki. Ba a fafe gora ranar tafiya. "Babu kuɗi" da aka ce miki bana wataƙila gaskiya ce tsagwaronta, don buƙatar ta zo bayan an gama rabon abin da ke akwai. Ki rarraba buƙatar: izinin tafiya a rubuce, kuɗin rajista, kuɗin mota, masauki. Wanda ba zai iya ɗaukar duka ba yakan iya ɗaukar ɗaya. Ta hannun shugaba, takardar tana iya zuwa ga ƙungiyar iyaye da malamai, da kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wato SBMC, da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai. Izinin a rubuce kuwa ko da kuɗinki za ki je kada ki taka mota babu shi, don shi ne yake nuna aiki ya kai ki. Idan aka fitar da sanarwar neman takardu, ki aika taƙaitaccen bayanin abin da kuka yi, da sunanki da na malamar da kuka yi aikin tare. Zaurukan nan suna ƙishirwar labarin abin da aka gwada a makarantar gwamnati ta karkara da yara na gaske. Kuma in Allah ya sa kuka tafi ku biyu, za ki dawo da mai ba da labari a ɗakin malamai wadda ba za a ce tana yabon sana'arta ba ne. Haka nan ke ma ki riƙa leƙa nasu tarukan. Malaman kimiyya suna da tasu ƙungiyar, STAN, tun 1957, kuma in reshen jiha ya shirya bita kusa, ki bi malaminku ki ji abin da yake damunsu.

Kafin baɗin ba zama za ki yi babu abokan sana'a ba. NLA tana da reshe a jihohi, ki nemi na jiharku ki biya kuɗin shekara, zamansu kuɗin mota kawai zai ci miki, kuma ta nan ake jin sanarwa da wuri, ta nan ake haɗa mota ɗaya a tafi babban taro. In ba ki yi rajista da hukumar LRCN ba, wadda doka ta 12 ta 1995 ta kafa don yi wa masu wannan sana'a rajista, ki sa shi a gaba, ya fi tafiyar bana amfani a fayil ɗinki. Ƙungiyar laburare ta Afirka, AfLIA, mai hedikwata a Akara, takan shirya bita ta intanet, da waya ma ana shiga. Kuma babu abin da zai hana ki gayyato masu kula da laburaren makarantu huɗu ko biyar na kusa da ku wata Asabar, kowa ya zo da malami ɗaya, ku zauna a ɗakinki da zoɓo da ƙosai, kowa ya faɗi abin da ya gwada. Wannan ma taro ne, kuma ke kika kira shi.

Saura maigida. Mutumin da ransa bai so ba amma bai hana ki ba ya yi miki kara, ki rama masa. Ki same shi ki ce kin fasa bana saboda rufi da yaro, amma kina neman yardarsa tun yanzu a kan baɗi. Lokacin yaron ya kusa shekara biyu, an yaye shi ko ana dab da yayewa, zai iya kwana huɗu wurin kakarsa. Ki gaya masa da 'yan reshen jiha za ki tafi, da rana, da takardar izini a jaka. Ki kuma shiga wani ƙaramin adashe daban wanda shi ma ya san na taro ne, don kada baɗi a sake samun kuɗi ɗaya da buƙata biyu.

Malamin ƙura kuwa, kada ki cire darasinsa daga lissafi. In kin gama na mutum biyu ko uku, ki yi masa tasa takardar, ki ajiye masa a teburinsa ba tare da doguwar magana ba. Mai yiwuwa ya ɗauka, mai yiwuwa ya bar ta nan. In malamin farko da kika zaɓa ma ya ce ba shi da lokaci, ki yi masa godiya, ki bar masa takardar, ki je ga na biyu. Ki rubuto mini bayan Oktoba in ji wane darasi kuka fara da shi, da abin da yaran suka kawo daga wurin kakanninsu. Ki gaishe mini da maigidan.